Ƴan Rakiya a Cikin Littafi: Tarken «She's Not There» na Jennifer Finney Boylan

Gabatarwa

Hausawa kan ce zumunta a ƙafa take. Wanda ya tako ya zo ranar suna, ya tsaya ranar makoki, ya raka ka har bakin tasha ya jira mota ta tashi, shi ake ƙidayawa cikin dangi, ko da ba ku haɗa kaka ba. Wannan maƙala za ta duba wata irin rakiya da ba a saba jin labarinta a nan ba, wato wadda iyali da abokai suka yi wa marubuciyar Amurka Jennifer Finney Boylan. An haife ta namiji, ta yi shekara arba'in da ƴan kai ana kiran ta James, ta yi aure har aka samu ƴaƴa biyu, daga baya ta sauya jinsi ta ci gaba da rayuwa a matsayin mace. A shekarar 2003 ta zuba wannan labari a littafi mai suna «She's Not There», wato «ba ta nan», sannan ta fito tana gabatar da shi a gaban jama'a.

Da yawa daga masu karanta wannan mujalla, bisa addini da al'ada, ba su amince da sauya jinsi ba, kuma yanke hukunci a kan haka yana da nasa malamai. Abin da ke gaban matarki shi ne littafi, da tambayar da ta shafi duk wani mai rubuta tarihin kansa: idan mutum ya saka matarsa da ƴaƴansa da mahaifiyarsa da amininsa a cikin littafi, sannan ya ɗauki littafin ya shiga gari-gari da shi, wane nauyi ya ɗora musu, kuma wane haƙƙi suke bin sa? Abin da nake son nunawa shi ne, darajar wannan littafi tana wuraren da aka bar ɗan rakiya ya faɗi abin da rakiyar ta ci masa, rauninsa kuma yana wuraren da aka yi magana da yawunsa.

Tun da wuri ya kamata a daidaita kalma. A Hausa, mata-maza shi ne wanda aka haifa da halittar da ba ta fayyace ba, ɗan daudu kuwa namiji ne da ya ɗauki magana da ɗabi'u da sana'o'in mata. Boylan ba ta cikin ko ɗaya. An haife ta da jikin namiji, ta zauna da mutane a matsayin namiji, amma a faɗarta tun ƙuruciya take jin cewa ita mace ce, tana ɓoyewa. Zan riƙa cewa «ta» da «ita» bisa sunan da ke bangon littafin, in ambaci James a inda mutanen cikin labarin suke ganin James.

Marubuciyar da littafinta

An haifi Boylan a shekarar 1958 a jihar Pensilbaniya. Ta koyar da adabi a kwalejin Colby da ke jihar Maine daga 1988 zuwa 2014, sannan ta koma kwalejin Barnard a birnin Niyok. Kafin wannan littafi ta wallafa ƙagaggun labarai na barkwanci da sunan James Finney Boylan, daga cikinsu akwai «The Planets» na 1991 da «Getting In» na 1998. Ke nan ba sabuwar shiga ba ce, kuma wannan yana da muhimmanci ga mai nazari, domin wanda ya ƙware wajen ƙaga mutane a takarda ya san yadda zai jera mutanen gidansa su fito yadda yake so.

Jigon littafin shi ne ɓoyo da abin da ɓoyo ke jawowa. James ya taso da imanin cewa soyayya za ta warkar da shi, cewa idan ya samu macen da ta so shi da gaske, wannan abu da ke damun sa zai gushe. Ya sami macen, wadda littafin ya sakaya sunanta ya kira ta Grace, suka yi aure a 1988 ba tare da ya faɗa mata sirrinsa ba. Shekaru suka shuɗe cikin zaman lafiya, har abin ya dawo da ƙarfinsa wajen ƙarshen shekarun 1990, lokacin da iyalin suka yi shekara guda a birnin Cork na ƙasar Ayalan. A shekarar 2000 aka fara shan magungunan sauya jiki, a 2002 aka yi tiyata a wani ƙaramin gari mai suna Neenah a jihar Wiskonsin.

Ta fuskar zubi da tsari, littafin bai bi jerin shekaru tiryan-tiryan ba. Yana tsalle tsakanin ƙuruciya da girma, yana cusa wasiƙu da saƙonnin intanet yadda aka rubuta su. Salonsa na raha ne, har a wuraren da mai karatu ke tsammanin kuka. Wannan raha ita ce ta buɗe wa littafin ƙofar gidajen da ba su taɓa karanta irinsa ba, har ya zama littafi na farko na wani Ba'amurke mai sauya jinsi da ya shiga jerin littattafan da suka fi kasuwa. Ita ce kuma, kamar yadda za mu gani, labulen da ya rufe wani abu.

Rangadin littafi

A ƙasar Hausa mun san ƙaddamar da littafi. Rana ɗaya ce, zaure ɗaya, da shugaban taro da mai bitar littafi da babban mai ƙaddamarwa wanda zai sayi kofi biyar da kuɗin ɗari. Dangi da abokai ne ke cika kujeru, marubuci yana tsakiyar mutanensa. A Amurka al'adar dabam take. Idan babban kamfanin ɗab'i ya fitar da littafin da yake sa ran zai samu kasuwa, yakan tsara wa marubucin rangadi na ƴan makonni: da safe hira a gidan rediyo ko talabijin, da maraice karatu a shagon littattafai, a yi tambayoyi, a sa hannu a kan kofi, washegari a hau jirgi zuwa wani gari. Makonnin farko su ne ma'auni, domin jerin littattafan da suka fi kasuwa, irin na jaridar New York Times, mako-mako ake fitar da shi. A kowane gari marubucin baƙo ne.

Mai ƙagaggen labari yana da mafaka a irin wannan tafiya, domin ana tambayar sa ne game da mutanen da ya ƙaga. Mai tarihin kansa ba shi da ita. Idan kuwa mai sauya jinsi ne, tambayoyin sukan wuce littafi su shiga jiki da ɗakin kwana. Misali mafi shahara shi ne na Janet Mock, baƙar fata ƴar asalin Hawai, wadda ta fitar da «Redefining Realness» a watan Fabrairun 2014. Ta je hira da Piers Morgan a tashar CNN, sai aka rubuta a ƙasan hotonta cewa yaro ce har zuwa shekara 18, alhali littafin gaba ɗayansa yana musanta wannan fahimta ne. Ta nuna ɓacin ranta a Twitter, magoya bayanta suka yi ca a kan mai hirar, har aka sake gayyato ta washegari aka yi musu a bainar jama'a. A wannan karon ƴan rakiyar taron mutane ne a intanet, mafi yawansu ba ta taɓa ganin su ba.

Boylan ta riga Mock da shekara 11, lokacin babu Twitter balle a samu irin wannan runduna. Abin da take da shi gidanta ne. A 2003 ta bayyana a shirin Oprah Winfrey, wanda a lokacin ambaton littafi a cikinsa kan sauya masa kasuwa, kuma taken da aka ba shirin ya yi magana ne a kan miji da ya koma mace. A lura da kalmar miji. Tun daga take an nuna cewa idon jama'a yana kan matar da aka bari da wannan al'amari. Mai kallo yana so ya san ko gidan ya tsaya kafin ya saurari mai gidan. Ta haka iyali suka zama shaidu. Ko sun hau jirgi tare da ita ko sun zauna a gida, ana ɗauke da su a kowane zaure, ana karanta hirarsu ta cikin ɗaki ga baƙi, kuma zamansu tare da ita ya zama hujjar da ake sayar da littafin da ita.

Aboki

Shaida na farko sunansa yana kan bangon littafin. Richard Russo marubuci ne da ya fi Boylan suna nesa ba kusa ba. Littafinsa «Empire Falls» ya ci kyautar Pulitzer a 2002, shekara guda kafin fitowar wannan. Sun koyar tare a Colby, sun zauna ofis ɗaya, kuma amincinsu irin na maza ne masu zolayar juna. Shi ya rubuta jawabin rufe littafin, mai taken «Imagining Jenny», wanda daga baya ya sake bugawa a tarin maƙalunsa na 2018, «The Destiny Thief». Ta fuskar kasuwa amfanin wannan a bayyane yake. Mai karatu da ba zai taɓa ɗaukar littafin mai sauya jinsi ba yana iya ɗauka don ya ga sunan Russo. Duk shagon da littafin ya shiga, abokin ya riga ya shiga ya yi masa iso.

Mun san ta'aliƙin da babban malami kan rubuta a farkon littafin ɗalibinsa, kuma mun san yawanci yabo ne da addu'a. Na Russo ya saɓa wa haka, kuma nan ne amfaninsa ga adabi. A tsakiyar littafin Boylan ta buga saƙonnin da suka yi musaya, inda Russo ya faɗa mata ƙiri-ƙiri cewa wannan Jenny da ta fito bai gamsu da ita ba, yana ganin ta kamar tauraruwar labari da marubuci bai iya ginawa ba, mai motsi da maganar da aka haddace. Ya ce yana kewar abokinsa James. Ya nuna kuma cewa tausayinsa ya fi karkata ga Grace. Boylan ta ji zafi ta mayar da martani, suka yi ta ja-in-ja. Marubuciyar da ke neman yabo kawai za ta cire waɗannan shafuka. Ita ta bar su, kuma su ne suka sa mai karatu ya yarda da sauran.

A jawabinsa na rufewa Russo ya juya tuhumar a kansa. Mutumin da sana'arsa ita ce shiga zuciyar mutanen da ba su wanzu ba, ga shi ya kasa shiga zuciyar wanda suka yi shekaru suna cin abinci tare. Bai ce ya gama fahimta ba. Abin da ya yi shi ne ya tafi Wiskonsin tare da Grace, ya zauna a asibiti, ya yi ta zolaya don a samu a yi dariya. Ya kuma ba da labarin wata da aka yi wa irin wannan tiyata a lokacin, wadda ta zo ita kaɗai ba mai riƙe mata hannu, kuma ganin ta ya nuna masa abin da zuwansa yake nufi. Darasin da ke cikin wannan babi shi ne rakiya ba ta jiran gamsuwa. Ƙafar Russo ta riga fahimtarsa isa, kuma bai ɓoye tazarar da ke tsakaninsu ba.

Mai karatu Bahaushe zai ga wani abu a nan da mai Ingilishi ba zai gani ba. A Ingilishi, idan kana magana da mutum fuska da fuska, lamirinsa ɗaya ne ko namiji ne ko mace. Russo yana iya hira da abokinsa awa guda bai zaɓi jinsi ba, sai in zai ba wani labarinsa. A Faransanci ma «tu» ɗaya ne, sai sifa ta zo ta tona asiri. Hausa ba ta ba da wannan sarari. Daga gaisuwar safe sai ka zaɓa: ka kwana lafiya, ko kin kwana lafiya. Da za a fassara waɗannan saƙonni zuwa Hausa, mai fassara zai yanke a kowane layi hukuncin da Russo ya yi watanni yana jinkirtawa, kuma wurin da «ka» ta koma «ki» zai zama ƙololuwar labarin. Malaman fassara suna da abin koyarwa a nan.

Matar aure

Idan an ba aboki shafuka ya yi magana da bakinsa, matar da ta fi kowa biyan kuɗin wannan tafiya ba ta samu haka ba a bugun 2003. Grace ta auri namiji, ba a faɗa mata komai ba, bayan shekara goma sha wani abu aka sanar da ita abin da ba ta da ikon hanawa. Littafin bai ɓoye baƙin cikinta ba, kuma adalci ne a faɗi haka. Muna ganin ta tana kuka, muna jin ta tana cewa ba a shawarce ta ba, cewa mijinta take so. Muna ganin auren ya ci gaba amma kusancin miji da mata ya ƙare, suka koma kamar ƴan'uwa. Sai dai duk wannan da alƙalamin wadda ta jawo ciwon aka rubuta shi. Ita ta zaɓi wace magana za ta shiga, ita ta zaɓi inda babi zai tsaya, kuma sau da yawa inda kukan Grace ya yi nauyi sai wani abin dariya ya biyo baya ya sassauta wa mai karatu. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuka ma haka.

Wannan matsala ta girmi Boylan. A 1974 Jan Morris ta Birtaniya ta wallafa «Conundrum», wanda aka fassara zuwa Faransanci da sunan «L'Énigme». Da sunan James Morris ne ta yi fice a 1953, lokacin da ta aika wa jaridar The Times labarin hawa ƙololuwar dutsen Eberes, labarin da ya fito ranar naɗin Sarauniya Elizabeth ta biyu. An yi mata tiyata a Kasabalanka a 1972. A littafinta ta yaba wa matarta Elizabeth yabo mai yawa, kuma zaman nasu ya dore: sun yi aure a 1949, doka ta sa suka rabu a takarda, suka ci gaba da zama gida ɗaya, suka sake ɗaura alƙawari a hukumance a 2008, har rasuwar Morris a 2020. Amma tun a 1974 masu sharhi irin su Germaine Greer suka lura cewa ba a jin muryar Elizabeth. Bayan rasuwar Morris kuma, a 2022, ɗiyarsu ta fito a jarida ta ba da labarin gida da ya saɓa wa na littafin, ta bayyana mahaifin nata a matsayin mai son kai da rashin kula da ƴaƴa. Ba a gaban matarki yake ya tantance wa ya fi gaskiya ba. Abin da wannan ya koyar shi ne shirun ɗan rakiya ba shaidar yardarsa ba ce.

A nan Boylan ta fi Morris, domin ta dawo ta biya bashin, ko da a makare. A 2013 aka sake buga «She's Not There» da ƙarin jawabi da matar ta rubuta da hannunta. A wannan shekara kuma Boylan ta fitar da «Stuck in the Middle with You», littafi a kan zama uba da zama uwa, wanda ya ƙare da hirar da marubuciya Anna Quindlen ta yi da su biyun. Shekara goma ke nan tsakanin ranar da aka kai labarin Grace kasuwa da ranar da ta sa nata hannu a ciki. Duk mai son nazarin littafin ya nemi bugun 2013, domin na 2003 shari'a ce da aka saurari ɓangare ɗaya da abokinsa.

Uwa, ƴaƴa da waɗanda ba su zo ba

Babin da ya fi taɓa zuciyar masu karatu shi ne na mahaifiyar. Tsohuwa ce da ta haura shekara 80, Kirista mai riƙo da addini, mai ra'ayin ƴan mazan jiya a siyasa, irin wadda kowa zai yi tsammanin za ta rufe ƙofa. Da aka faɗa mata, sai ta rungumi ɗanta ta jawo aya daga littafinta mai tsarki a kan fifikon ƙauna. Littafin bai nuna cewa ta sauya aƙida ba. Ta tsaya ne a kan abin da mu ma muka sani, cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Yaran kuwa, da suke ƙanana a lokacin, sun warware tasu matsalar da kalma: suka haɗa kalmar mama da ta baba a Ingilishi suka ƙera «Maddy», da ita suke kiran ta. Labari ne mai daɗi, kuma ya yi ta yawo a hirarraki. Amma yaro ɗan shekara shida ko takwas ba shi da ikon ba da izini a saka shi a littafi, kuma sakaya masa suna ba ya ɓoye shi ga maƙwabta da ƴan ajinsu.

Akwai kuma waɗanda ba su yi rakiya ba. Ƴar'uwar Boylan ta yanke hulɗa da ita na tsawon shekaru, kuma sai a littafinta na gaba, «I'm Looking Through You» na 2008, aka fi buɗe wannan ciwo. A wajen gidan Boylan abin ya fi haka muni. Binciken da wata cibiyar kare haƙƙin masu sauya jinsi ta gudanar a Amurka a 2015, wanda mutum 27,715 suka amsa, ya nuna cewa daga waɗanda iyalinsu suka san halinsu, kashi 10 cikin 100 sun fuskanci duka ko wani cin zarafi daga ɗan gida, kashi 8 cikin 100 kuma an kore su daga gida. Boylan farar fata ce, malamar jami'a mai tabbataccen aiki, mai aboki da ya ci Pulitzer. Haɗarin littafin da ya yi kasuwa shi ne mai karatu ya rufe shi da tunanin cewa haka abin yake ƙarewa ga kowa. Matar nan da ta zo asibiti ita kaɗai ta samu ƴan shafuka, alhali irinta suna da yawa.

Rayuwa ta ƙara wa littafin babin da marubuciyar ba ta tsara ba. Shekaru bayan haka babban ɗanta ya zo mata da irin maganar da ita ta kai wa mahaifiyarta, cewa shi ma zai sauya jinsi. Boylan ta rubuta wannan a «Good Boy» na 2020, kuma ba ta ɓoye cewa abin ya girgiza ta ba, tsoro ya kama ta, ta ji irin kewar da ta taɓa ɗora wa wasu. Wadda aka yi wa rakiya ta koma ƴar rakiya. Wanda ya karanta littattafan biyu a jere zai ga cewa sai a na biyun ta tsaya a inda Grace da Russo da tsohuwar suka tsaya, ta ji nauyin kayan da suka ɗauka.

Kammalawa

«She's Not There» littafi ne mai sauƙin karatu da aka gina da gwaninta, kuma gwanintar ce ta sa ya kamata a karanta shi da ido biyu. Ya yi nasara a inda ya bar aboki ya yi gardama, ya buga gardamar ba tare da gyara ba. Ya gaza a inda ya rufe kukan matar aure da raha, ya kuma bar ta shekara goma ba ta da shafi nata. Rangadin da ya biyo bayan littafin ya ƙara wa wannan rashin daidaito nauyi, domin ya mayar da haƙurin iyali abin talla a gaban mutanen da ba su san su ba.

Ga malamai da ƙungiyoyin marubuta namu, amfanin wannan nazari bai tsaya ga batun jinsi ba. Rubutun tarihin kai yana ƙaruwa a Hausa da Faransanci, daga tsofaffin ma'aikata da ƴan siyasa zuwa mata masu ba da labarin aure da saki. Kowane irin wannan littafi yana ɗauke da mutanen da ba su nemi shiga ba: kishiya, tsohon miji, ɗa, malami, aminin ƙuruciya. Ya dace a koya wa ɗalibi, idan ya riƙe irin wannan littafi, ya tambayi wa ke magana, da yawun wa yake magana, kuma wa aka bari a bakin ƙofa. Ya dace kuma marubuci ya nuna wa mutanen gidansa rubutun kafin ya kai maɗaba'a, ya ba wanda ya saɓa masa fili ya faɗi nasa, kamar yadda aka ba Russo tun farko aka kuma ba Grace daga baya. Ranar ƙaddamarwa su ne za su zauna a sahun gaba ana kallon fuskokinsu.